Kunyar Gida Da Titunan Abuja: Me Ke Sa Mai Hankali Tuƙin Ganganci?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu na ƙarshen shekara. Mun buga shi kamar yadda aka karanta, don amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.)



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku, shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, Allah ya saka wa kowa da alheri.

An umarce mu da mu yi magana a kan haɗarin mota, ganin yadda a 'yan shekarun nan ƙungiya ta sha haɗa kuɗin asibiti da na ɗaukar gawa zuwa gida. To, da aka ce haɗari, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne lalacewar hanya, da tsohuwar taya, da birkin da ya tsinke. Duk gaskiya ne, amma yau ba nan muka dosa ba. Mutumin da ke riƙe da sitiyari muke so mu duba, mu ga abin da ke gudana a zuciyarsa har yake aikata abin da shi da kansa ya san ba daidai ba ne.

Hukuma ma ta taɓa yin wannan tambaya a nan Abuja. A watan Yuli na 2017, zamanin da Boboye Oyeyemi ke shugabantar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, an ƙaddamar da wani shiri mai suna Operation Cobra. Duk wanda aka kama yana waya a kan tuƙi, ko ya keta danja, ko ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya yi lodin da ya wuce ƙima, ko tuƙin ganganci, sai a tura shi asibiti a gwada natsuwar hankalinsa. Mutane sun yi ta dariya a lokacin, wasu kuma suka fusata, wai an mai da su mahaukata. Mu dai a namu ganin, hukumar ta taɓo inda ciwon yake, sai dai sunan da jama'a suka ba abin ne bai dace ba. Mun san direbobin nan. 'Yan'uwanmu ne, ƙannenmu ne, wasu ma ga su nan zaune. Lafiyarsu lau. Mutum ne za ka gan shi a sahun farko a masallaci, ya durƙusa ya gai da dattijo, in an ba shi amanar kuɗi ya riƙe. Amma da ya shiga mota ya ja murfi ya rufe, sai ka rantse wani ne daban. Wannan sauyi shi ne abin tambaya.

Amsar farko, wadda kuma muke ganin ta fi shafarmu mu mazauna, ita ce rashin idon sani. A gida, ko Funtuwa ce ko Gumel ko Argungu, in ka kusa banke tsoho da babur da hantsi, kafin magariba labari ya kai kunnen mahaifinka. Za a ce ɗan gidan wane ne. Surukanka za su ji, limamin unguwa zai ji. Ba tsoron ɗan sanda ke riƙe mutum a can ba, kunya ce. To, ga mu a garin da aka kafa da doka a 1976, gwamnati ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991, kuma in ban da 'yan asalin wurin, Gwarawa da sauransu, kowa baƙo ne. Wanda ka zaga a shataletalen Area 1 bai san sunan kakanka ba, ba kuma za ku sake haɗuwa ba. Sai mutum ya ga ya samu sarari, halin da ya daɗe yana dannewa ya fito.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A Amurka, a 1995, wasu masu bincike sun riƙa tsai da motarsu da gangan a danja bayan ta ba da hannu, suna lura da na bayansu, masu irin motar nan da ake buɗe rufinta. Waɗanda rufinsu ke rufe, ba a ganin fuskarsu sosai, su suka fi saurin danna hon, suka fi daɗewa suna dannawa. Waɗanda ke zaune a fili kowa na kallonsu sun fi haƙuri. Irin mutane ɗaya, irin mota ɗaya, bambancin kawai ana ganinka ko ba a ganinka. Sai ku auna wannan da yawan baƙin gilashi a titunan Abuja.

Tun kafin nan, a 1968, wasu masana biyu, Doob da Gross, sun yi irin wannan gwaji da motoci iri biyu, sabuwa ta manya da kuma tsohuwa. Da sabuwar ta tare hanya, mutane sun fi jurewa; da tsohuwar ta tare, nan da nan aka hau ta da hon. Wato ko a kan titi, mutum yana duba girman wanda ke gabansa kafin ya nuna fushi. Wannan kuwa ba sai an kai mu Amurka ba. A garin nan kullum muna ganin kwambar manya da jiniya, ana kore mu gefe kamar kaji. A watan Nuwamba na 2013, Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, ya rasu a hanyar Lakwaja zuwa Abuja a karon da motarsu ta yi da wata mota ta cikin kwambar gwamnan Kogi na lokacin. Abin da ƙaramin direba ke koya daga irin wannan kallo na yau da kullum shi ne, doka ta marar gata ce. Shi ya sa da kwamba ta wuce za ka ga motoci biyar sun bi bayanta a guje, kowa na ɗanɗana mulki na minti biyu.

Abu na biyu zai ba wasu mamaki, don kuwa kyan hanya ne. Mun saba cewa rami ke kashe mutane, kuma yana kashewa. Amma hanyar Kubwa da ta filin jirgin sama, da aka faɗaɗa su zuwa layi goma, ba rami ke cin rai a kansu ba. Wani masani a Kanada, Gerald Wilde, ya yi bayani tun 1982 cewa kowane mutum yana da gwargwadon kasadar da zuciyarsa ta yarda da ita. In ka sauƙaƙa masa hanya, sai ya ƙara gudu har ya koma daidai inda yake jin ɗan tsoron nan da ya saba. Masana sun yi ta jayayya a kan iyakar gaskiyar wannan magana, amma duk wanda ya taso daga Zuba zuwa cikin gari da sassafe ya ga alamarta. Hanya a shimfiɗe, mota ba ta girgiza, gilashi a rufe, sanyi na busawa, sai 130 ta zama kamar 80 a jikinka. Alhali doka ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 100 a awa a babbar hanya, tasi da bas 90, tirela da tanka 60, cikin gari kuwa 50.

Su wa ke biyan kuɗin wannan gudu? Mu ne. Dubi masu tsallaka titi a Lugbe da Dei-Dei da Nyanya da Mararraba: mai turin ruwa, mai shayi, mai gyaran takalmi, mai tallar rake, yaran makarantar allo. Yawancinsu namu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa, in mota ta buge shi, yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Goma sha biyar kacal, wadda direba ba ya ma jin ta a ƙafarsa. Su ma masu tsallakawar suna da nasu laifin, ga gadar sama an gina, mutum ya gwammace ya ratsa layi goma da buhu a ka. Cutar ɗaya ce da ta direban: ya yi jiya ya tsira, ya yi shekaranjiya ya tsira.

Wannan "na yi na tsira" shi ne makarantar da ke lalata direba. Duk ranar da ya wuce na gabansa a kan kwana bai gamu da kowa ba, zuciyarsa ba ta rubuta cewa Allah ne ya kiyaye, sai ta rubuta cewa shi gwani ne. A 1981 wani masani ɗan Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi ɗaliban jami'a masu tuƙi yadda suke ganin ƙwarewarsu. Kashi 93 cikin ɗari na Amurkawan, da kashi 69 na 'yan Suwidin, kowa ya sa kansa a rabin da ya fi iyawa. Lissafi bai yarda ba, don rabin mutane ne kaɗai za su iya zama a rabin sama. Da za mu ce a ɗakin nan duk direban da ya san bai kai sauran ba ya ɗaga hannu, mun san hannu nawa za mu gani. Kowa na ganin haɗari na sabon shiga ne, shi kuwa shekararsa ashirin a hanyar Kaduna. To, a wannan hanya ta Kaduna ce, ranar 6 ga Maris 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa. Mota babba ce mai tsada. Binciken FRSC ya nuna tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, kuma na zaune a baya ba su ɗaura bel ba. Tun ranar 1 ga Janairu 2003 aka fara tilasta ɗaura bel a ƙasar nan, amma har yau yawancinmu sai mun hango jami'ai muke rataya shi a kafaɗa, da an wuce a sake shi.

Sai gaggawa. A nan ya kamata mu yi wa direbobinmu adalci, don ba duka ba ne son rai. Tsarin garin nan ya tura talaka can nesa, Mararraba, Masaka, Suleja, Gwagwalada, aikin kuwa yana cikin gari. Mutum ya fito tun asuba, ya yi awa biyu a cunkoson Nyanya da gangaren Kugbo, ga mai gida na jira a ofis, ko ga balas da dole a kai wa mai mota da yamma ko an samu ko ba a samu ba, ga tsadar mai tun da aka janye tallafi a 2023. Wanda ya daɗe a matse, da ya ga sarari sai ya rama a kan totur. Wani kuma ya kasa jira, ya faɗa hannun masu tahowa, na bayansa ya ga ya wuce lafiya shi ma ya bi, kafin ka ankara layi guda ya zama uku, hanya ta tushe gaba ɗaya. A irin wannan cunkoso ne, a watan Maris na 2025, wata babbar mota ta ƙwace a wajen gadar Karu ta afka wa motoci, wuta ta tashi, aka yi asarar rayuka da dukiya.

Amma bari mu yi lissafin gaggawar nan, don zuciya tana cutarmu a ciki. Tafiyar kilomita 20 a gudun 100 minti 12 ce. A gudun 120 minti 10 ce. Ribar ke nan, minti biyu, wanda danja guda za ta cinye. Ita kuwa hasarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a kan gudu yana ƙara haɗarin karon da ake mutuwa da kashi huɗu. A gudun 100 mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. In ka sunkuya daƙiƙa biyu ka duba wanda ya kira ka, ka yi tafiyar mita 56 ido rufe, fiye da rabin filin ƙwallo. Babu ɗan kasuwar Wuse ko Dei-Dei da zai yarda da ciniki irin wannan a rumfarsa, amma a kan titi kullum muna yi.

Yanzu mun zo inda za mu nemi afuwar malamanmu, don gonarsu ce. Da an yi wa direba maganar gudu, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, "In kwana ya ƙare ko a kan gado sai an tafi." Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, babu Musulmin da zai yi musu. Sai dai mu lura da lokacin da ake jawo maganar. Ba mu taɓa jin wanda ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce in rabon ɓarawo ne zai ɗauka ba. Kwaɗo biyu muke sa wa. Malamai sun sha karanta mana ƙissar mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya yi tawakkali. Wannan hali kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Wani masani ɗan Kwaddebuwa, Dongo Rémi Kouabenan, ya wallafa bincike a 1998 a kan direbobi da sauran masu amfani da hanya a ƙasarsu, ya gano cewa waɗanda suka fi jingina haɗari ga rabo da asiri sun fi ɗaukar kasada. Haka mai layar da aka ce za ta ɓatar da shi in mota ta kife. Ko da a ce ta yi aiki, fasinja goma sha takwas da ke bayansa fa, wa ya ɗinka musu tasu? Har ila yau akwai masu cewa watannin ƙarshen shekara suna da aljanu masu shan jini. Abin da ke cikin watannin nan shi ne yawan matafiya, da hazon hunturu, da direban da ke son ya yi sawu uku a ranar da ya saba yin ɗaya.

Daga nan sai barci, wanda ba mu ɗauke shi laifi ba, har yabo muke yi: wane jarumi ne, daga Legas har Kano bai runtsa ba. Masu bincike a Ostareliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya gwargwadon iyakar da dokokin ƙasashe da yawa suka sa wa direba. Mu da muke ƙyamar giya, ashe muna hawa motar wanda barci ya bugar. Goro da shayi mai kauri ba sa biyan bashin barci, balle tiramadol da sauran ƙwayoyi da ake sayarwa a ɓoye a tasha, waɗanda ke kawar da jin gajiya su bar gajiyar, su kuma cire tsoro. Ba mu manta da ƙarshen watan Mayu na 2025 ba, lokacin da motar 'yan wasan jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa daga gada a hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum 20 suka rasu, saura ƙiris su isa gida bayan tafiyar dare. Allah ya jiƙansu.

Game da samarinmu ba za mu tsawaita ba, kowa ya ga wasan mota da babur a ranar ɗaurin aure da kai amarya. Bincike ya tabbatar da abin da iyaye suka sani tuntuni, cewa yaro shi kaɗai daban, yaro a gaban abokansa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara sha shida makulli don a ce ɗansa ya iya mota, shi ma a sa shi cikin lissafi.

Sai mu fasinjoji. Mun ce kunya ta ɓace a wurin direba. A wurin fasinja kuwa tana nan, sai dai ta zauna inda ba a bukatarta. Mota ta tashi daga tashar Jabi ko Zuba, mutum goma sha takwas, kowa gabansa na faɗuwa, kowa na salati a ɓoye, amma babu mai cewa uffan, kada a ce masa matsoraci ko baƙauye. Kowa na jiran wani ya fara. In wata baiwar Allah ta daure ta ce, "Direba, don Allah a rage," sai wani daga baya ya ce, "Hajiya, ƙyale shi, sauri muke." Direban da ke tafiya a hankali kuma shi ake yi wa tsiya, wai tsoho ne, wai motarsa ba ta da lafiya. Mu muka koya musu abin da kasuwa ke so. Gwamnati ta tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun Fabrairun 2017, amma na'ura ba ta hana mutum wuce na gabansa a kan tudu, kuma jami'in FRSC ba zai zauna a kowace mota ba. Tun 1988 aka kafa hukumar, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, ga shi har yau ana fama.

Saboda haka abin da muke roƙon ƙungiya ba mai tsada ba ne: mu mai da idon sanin nan da muka baro a gida. Direbobinmu da masu a-daidaita-sahu da 'yan acaɓa na unguwannin bayan gari, kowa yana da wanda ya kawo shi garin nan, da wanda ya tsaya masa aka ba shi mota. Muna ba da shawara duk wanda aka kawo ƙararsa sau biyu a kan ganganci, a kira shi gaban Sarki tare da wanda ya tsaya masa, a yi masa faɗa irin na gida. In ya ƙi ji, a sanar da iyayensa a can. Masu motoci da ke cikinmu, Alhazai, a duba balas ɗin da ake ɗora wa yara, don wanda ka ce ya kawo abin da ba ya samuwa sai da gudu, kai ka taka masa totur. Motocin da ƙungiya ke ɗauka don tafiyar Sallah ko rakiyar gawa ko kai amarya, kada su tashi bayan la'asar in tafiyar mai nisa ce, a kuma naɗa dattijo guda a kujerar gaba wanda an gaya wa direba tun a tasha cewa maganarsa ita ce ta ƙungiya. Malamanmu kuma muna roƙon a ware huɗuba guda kafin kowace Sallah a kan haƙƙin rai a hanya, da hukuncin wanda ya kashe mutum da ganganci, don da yawa ba su san akwai diyya da kaffara a kansu ba.

Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122, kyauta ce, kowa ya sa ta a wayarsa kafin mu tashi. Shugabannin direbobi kuma muna roƙon su dakata bayan addu'a, sakatare zai karɓi sunayen waɗanda za su zauna da Sarki a kan maganar masu tsayawa.